Injin wafil: yadda ake gasa kayan zaƙi da na gishiri a cikinsa, daga ƙullun fulawa zuwa ƙosai da masa

Injin wafil faranti biyu ne na ƙarfe masu ramuka, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna yin zafi lokaci guda kuma suna matse abin da aka zuba a tsakaninsu. Wainar da ke fitowa daga ciki, mai ramuka a jikinta, ita ake kira wafil. Wadda ta saba da tanda ta riga ta san rabin aikin: a bar ƙarfe ya yi zafi, a sa mai, a zuba ƙullu daidai rami, kada a taɓa sai ya saki da kansa. Bambancin shi ne a tanda sama a buɗe take, tururi yana tashi yadda ya ga dama, a injin wafil kuwa ba shi da mafita sai ta gefe. Kusan duk matsalar da ake samu, ko mannewa, ko rabewa biyu, ko langaɓewa, daga nan take tasowa. Ko dai ruwa ya yi yawa a ƙullun, ko an buɗe kafin tururin ya gama fita, ko mai ya yi kaɗan.

Turawa sun daɗe suna gasa kwaɓi tsakanin ƙarafa biyu masu dogon hannu a kan garwashi, tun ƙarnuka kafin lantarki. A Amurka, wani mai suna Cornelius Swartwout na garin Troy ya yi rajistar kaskon wafil na ɗorawa a kan murhu ranar 24 ga Agusta, 1869. Ƙasar da ta fi suna a wannan gashi ita ce Beljiyam, kuma iri biyu gare ta: na birnin Burusel, mai faɗi da zurfin rami wanda ake yi da ƙullu mai ruwa, da na birnin Liyej, wanda kwaɓi ne mai yis da bota da ƙwayoyin sukari.

Ki fara sanin injin da ke hannunki

Ki juya shi ki karanta rubutun da ke ƙasansa kafin ki jona. Yawancin na gida suna cin wat 700 zuwa 1200. Ƙaramin janareta mai ba da wat 650 zuwa 950 ba zai ɗauki mai wat 1000 ba, in ma ya ɗauka faranti ba zai yi zafin kirki ba, ƙullu ya dahu maimakon ya gasu. Ki duba bolt ma. Wutar Nijeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 230, injin da aka yo tsarabarsa daga Amurka kuwa na 120 ne, ana jona shi kai tsaye zai ƙone. Sai da taransifoma mai sauke wuta wadda ƙarfinta ya zarce na injin.

Zurfin rami yana da tasiri a kan abin da za ki gasa. Mai zurfi ya fi dacewa da ƙullu mai tashi, irin na yis da masa da ƙosai. Mai gajeren rami ya fi kyau ga dankali da shinkafa da awara, domin yana taɓa abin sosai, ɓawo ya fi yawa. Akwai kuma na baƙin ƙarfe wanda ake ɗorawa a kan gas ko gawayi. Shi ba ruwansa da ɗaukewar wuta, sai dai ke ce za ki riƙa juya shi: ki zafafa kowane gefe minti 3 zuwa 4, ki zuba ƙullu, ki rufe ki kifa nan take, sannan ki ba kowane gefe kamar minti 2 a matsakaiciyar wuta.

Zafi, mai da tururi

Fitilar injin takan nuna ya yi zafi kafin farantin ya gama ɗauka ko'ina. Ki ƙara masa minti 2 zuwa 3 bayan ta nuna. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ɗigon ruwa: in ya yi cuu ya yi tsalle ya ɓace, ƙarfe ya kai. In ya kwanta yana tafasa a hankali, da saura. Bayan kin cire kowane wafil ki rufe injin minti 1 ya maido da zafinsa, domin na biyu da na uku sukan fito fari fat ne saboda an zuba a ƙarfen da ya huce.

Mai kuwa da buroshi ake shafa shi, sama da ƙasa, har cikin kusurwoyin ramuka. Farantin sama ne aka fi mantawa, kuma shi ne yake riƙe rabin wafil idan aka ɗaga. Ko da injin mai sulɓi ne wanda aka ce ba ya kamu, ki shafa kafin na farko, sannan duk bayan biyu. In ƙullun shinkafa ne ko wake ko dankali, kowane zubi da shafarsa. Man feshi na gwangwani yana barin wani danƙo mai ruwan ƙasa a kan farantin wanda yake da wuyar fita, gara man gyada ko soyayyen man shanu.

Ki zuba ƙullu a tsakiya, ki bar kamar yatsa ɗaya a kewaye babu komai, murfin zai baza shi. Injin da'ira mai faɗin santimita 18 yana cin rabin kofi zuwa kashi biyu cikin uku na kofi. Kofin da ake nufi a nan mai mililita 240 ne.

Da kin rufe za ki ga tururi yana fita da ƙarfi ta gefe. Shi ne agogonki. Muddin yana fita da ƙarfi, cikin bai ƙame ba, kuma buɗewa a wannan lokaci shi ke raba wafil gida biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. Idan ya ragu ya zama siriri, ki ɗan ɗaga murfin a hankali. In ya taso ba gardama, ya yi. In kin ji yana riƙewa, ki mayar ki ƙara minti 1. Gasasshen abu yana sakin ƙarfe da kansa.

Ƙullun fulawa na asali

Wannan zai ba ki wafil 6 zuwa 8:

fulawa giram 210
sitacin masara, wato kon fulawa, giram 40
bekin foda cokalin shayi 2 da rabi
sukari babban cokali 2
gishiri rabin cokalin shayi
ƙwai 2
madara mililita 400
narkakken bota giram 90, ko man gyada babban cokali 6

In madarar gari gare ki, ki dama babban cokali 5 a ruwa mililita 400. Ki tankaɗe busassun kayan a kwano ɗaya, ki kaɗa ƙwai da madara da mai a wani, sannan ki juye mai ruwan a kan garin. Ki juya da ludayi har garin ya ɓace, ki tsaya nan ko da akwai 'yan gudaji. Yawan bugu yana tayar da danƙon alkama, wafil ya fito da tauri yana ja kamar roba. Wannan ne ya bambanta shi da ƙullun fanke ko na ƙosai, waɗanda bugu yake gyarawa. Ki bar shi ya huta minti 10 zuwa 15, gari ya sha ruwa, gudajin su narke. Kaurinsa ya zama kamar na kunun gyada mai ɗan nauyi: yana zuba daga ludayi, amma ba ya tsiyaya kamar ruwa. Gashi minti 4 zuwa 5 a zafi sama da matsakaici.

Sitacin masara ba ado ba ne. Ba shi da danƙo irin na alkama, shi ya sa yake ba da ɓawo mai rumus wanda yake jimawa bai yi laushi ba. In babu, ki yi da fulawa giram 250, sai dai ɓawon zai fi saurin saki. Haka zancen mai: bota ya fi ƙamshi, amma kusan kashi ɗaya cikin shida nasa ruwa ne, don haka man gyada ya fi shi ba da ɓawo. Soyayyen man shanu ya haɗa biyun, tunda an riga an ƙone ruwansa a wajen suya. Kada ki rage man don gudun maiƙo. Ƙullun wafil ya fi na fankek mai nesa ba kusa ba, kuma man ne yake soya fatar a jikin ƙarfe.

In madarar daga firji take, ki bari ta huce sanyinta kafin ki haɗa da narkakken bota, in ba haka ba botan zai daskare ya zama ƙwayoyi.

Mai son wafil marar nauyi ta raba ƙwan. Gwaiduwa ta shiga cikin madara, farin kuma a buga shi shi kaɗai a busasshen kwano marar maiƙo har ya yi kumfa mai tsayawa idan an ɗaga maburgi. A zuba shi a ƙarshe, a riƙa ɗebo ƙullu daga ƙasa ana rufe shi a hankali. Ɗigon gwaiduwa ɗaya ya isa ya hana farin tashi. Wannan ƙullu ba ya jira, a gasa shi cikin minti 20.

Da kindirmo ko nono ma ana yi, kuma ya fi daɗi a wajen mutane da yawa. Ki maye madarar da kindirmo mililita 300 da ruwa 100, ki rage bekin foda zuwa cokalin shayi 1, ki ƙara bekin soda rabin cokalin shayi. Tsamin nonon ne yake tayar da sodar. In sodar ta wuce haka za ki ji ɗanɗanon sabulu.

Na Liyej, mai ƙwayoyin sukari

Wannan ya fi kama da burodi mai bota, kuma ya cancanci wahalarsa. Kayan: fulawa giram 250, yis cokalin shayi 1 da rabi, madara mai ɗumi mililita 90, ƙwai 1, sukari babban cokali 1, gishiri rabin cokalin shayi, bota mai laushi giram 125, sai ƙwayoyin sukari giram 130.

A Beljiyam akwai sukari na musamman da ake yi don wannan gashi, ƙwayoyi masu tauri da ba sa narkewa a cikin kwaɓi. In bai samu ba, ki ɗauki sukarin kwali irin wanda ake jefawa a shayi, ki naɗe a tsumma mai tsabta ki ɗan daddaka har ya koma girman ƙwayar wake, ki tankaɗe garin ki ajiye don wani amfani. Sukarin gari ba zai yi ba, narkewa zai yi ya ɓata kwaɓin.

Ki haɗa fulawa, yis, madara, ƙwai, sukari da gishiri, ki murza minti 5. Ɗumin madarar kada ya wuce wanda yatsa zai jure cikin daɗi, ruwa mai zafi yana kashe yis. Sai ki riƙa sa botan kaɗan-kaɗan kina murzawa. Da farko zai caɓe kamar ya lalace, ki ci gaba, bayan minti 8 zuwa 10 zai haɗe ya yi sheƙi. Ki rufe ya tashi har ya ninka: a bazara awa ɗaya ta isa, a hunturu yana iya kai awa biyu ko fiye. Sai bayan ya tashi ake cusa ƙwayoyin sukari. Ki raba gida 8, kowanne kamar giram 80, ki mulmula, su huta minti 15.

Ki sauke zafin injin zuwa ƙasa da matsakaici. Sukari yana narkewa ya yi ja a wajen digiri 160 zuwa 170, ya wuce nan kaɗan sai ɗaci da baƙi. In injinki ba shi da maɓallin rage zafi, ki rufe minti 2 da wuta, ki zare filogi ya ƙarasa minti 2 da zafin da ya rage. Narkakken sukari yana ƙuna fiye da tafasasshen ruwa kuma yana manne wa fata, don haka da cokalin katako ake cirewa, kuma a bar shi minti 3 kafin yaro ya taɓa.

Sauran kayan zaƙi

Duk daga ƙullun asali suke fitowa. Na ayaba: ki dame nunannu 2, ki rage madara da mililita 100, ki cire sukarin gaba ɗaya, ki rage zafi domin zaƙin ayaba yana saurin yin baƙi. Na dabino: ki cire ƙwallon guda 10 zuwa 12, ki jiƙa a madarar mai ɗumi minti 20, ki markaɗa tare, shi ma ba ya son ƙarin sukari. Ɗan garin citta ko kirfa yana tafiya da shi. Na cakulan: ki cire fulawa giram 30 ki sa garin koko madadinsa, ki ƙara sukari babban cokali 2. Launinsa ba zai gaya miki ya gasu ba, sai ki dogara da tururi. Gogaggiyar kwakwa rabin kofi ana zuba ta kai tsaye.

Zuma a kai ake zubawa bayan an gasa. A cikin ƙullu tana sa waje ya ƙone ciki bai nuna ba. Yankakken mangwaro ko abarba ma a kai, domin ruwansu yana hana gefen da suka taɓa ƙamewa.

Ƙosai ba tare da kaskon mai ba

Ƙullun ƙosai yana karɓar injin wafil sosai, amma akwai gyara biyu. Ki surfa wake kofi 2, ki wanke dusar, ki jiƙa kamar awa ɗaya. Ki niƙa da albasa 1 da attarugu 2, da ruwan da bai wuce kofi ɗaya ba. Ya fito da kauri yadda cokali zai ɗebo ya tsaya. Ki buga shi minti 5 iska ta shiga ya yi fari ya ƙara yawa, kamar dai za ki soya.

Gyara na farko: ki zuba man gyada babban cokali 4 a cikin ƙullun. A kasko, man suya ne yake lulluɓe ƙosai. A nan babu shi, kuma wake ba shi da maiƙon kansa, in ba a sa ba zai fito a bushe yana shaƙe wuya. Na biyu: ki fasa ƙwai 1 a ciki. Ba dole ba ne, amma yana riƙe jikin kada ya farfashe wajen cirewa. Gishiri sai dab da zubawa, domin yana tsinka ƙullu ya saukar da kumfar da kika sha wahalar bugawa.

Zafi matsakaici, minti 6 zuwa 8. Kada ki ruɗu da jan waje. Ɗanyen wake yana buƙatar lokaci, in zafi ya yi yawa za ki samu ɓawo mai kyau da ciki mai gafi. Ki ɓare na farko ki duba: cikin ya zama soso, ba caɓi ba. Ramukan suna riƙe yajin ƙuli da ɗan mai fiye da yadda mulmulallen ƙosai yake yi, kuma da koko ko kunun tsamiya karin kumallo ya haɗu. Ƙullun alale ma yana yi idan an rage ruwansa zuwa kaurin na ƙosai, in ba haka ba ta gefe zai tsiyaye.

Masa

Ita ce ta fi kowa gardama, domin shinkafa ba ta da danƙon da zai riƙe ta kafin ta gasu. Ki jiƙa shinkafar tuwo kofi 2 awa 6 ko ta kwana. Ki niƙa da dafaffiyar shinkafa rabin kofi da ƙaramar albasa. Ki sa yis cokalin shayi 1 da sukari babban cokali 1, ki rufe a wuri mai ɗumi har ya tashi ya yi ƙofofi, awa 4 zuwa 6 gwargwadon yanayi. Bayan ya tashi ki sa gishiri, ƙarin sukari yadda kike so, da bekin foda cokalin shayi 1. In ya yi tsami da yawa, ɗan ruwan kanwa yana kashe shi kamar yadda aka saba, amma ɗigo-ɗigo, domin in ya yi yawa masar za ta yi ruwan ɗorawa da warin kanwa.

Ƙullun ya fi na tanda kauri kaɗan, kuma ki juya mai babban cokali 3 a ciki. Ki shafe faranti da mai a wadace. Minti 6 zuwa 7, kuma kada hannunki ya kai murfin kafin minti 5 su cika. A tanda, gefe ɗaya ne yake yin ɓawo sosai, ciki ya tsaya da laushi. A nan ɓawon ya fi yawa, laushin ya ragu, don haka wadda take son masa lallausa ta tsaya ga tandarta. Wannan ta fi dacewa da miyar taushe mai ruwa-ruwa, wadda za ta cika ramukan ta jiƙa ɓawon, ko zuma da man shanu.

Dankali, shinkafa da awara

Waɗannan ba ƙullu ba ne, matsewa ce take haɗa su, kuma abokin gabarsu ruwa ne.

Dankalin turawa giram 500, ki fere ki goge a gefen magogi mai manyan ƙofofi. Ki barbaɗa gishiri rabin cokalin shayi, ki bar shi minti 5 ya fitar da ruwa, ki juye a tsumma mai tsabta ki murɗe da iya ƙarfinki. Za ki yi mamakin ruwan da zai fita, kuma duk wanda ya rage a ciki tururi zai zama ya dafa dankalin maimakon ya gasa shi. Ki haɗa da ƙwai 1, kon fulawa babban cokali 2, mai babban cokali 2, gogaggiyar albasa wadda ita ma aka matse, da masoro. Ki baza kaurin santimita ɗaya da rabi har gefe, tunda shi ba ya bazuwa da kansa, ki danna murfi. Minti 10 zuwa 12. Kada ki goge dankalin ki ajiye, yana yin baƙi cikin 'yan mintoci. Dankalin Hausa ma haka ake yi, sai dai a rage zafi saboda zaƙinsa.

Shinkafar da ta kwana a firji tana ba da ƙanzo mai daɗi ta kowane gefe. Kofi 2, ƙwai 1, ganyen albasa, mai babban cokali 1. Dafa-duka ma tana yi. Ki danne ta da bayan cokali, ki rufe minti 8 zuwa 10. Sabuwar dahuwa mai zafi ruwanta ya yi yawa, wargajewa take yi. Sharaɗi ɗaya ne: ta kasance an sa ta a firji da wuri bayan ta huce. Shinkafar da ta kwana a waje cikin zafi tana iya tara gubar ƙwayoyin cuta wadda gashi ba ya kashewa, ko da ba ta yi wari ba.

Awara ki yanka faɗi-faɗi kaurin santimita ɗaya da rabi, ki sa tsakanin tsumma biyu ki ɗora abu mai nauyi minti 15. Ki shafa mai da gishiri da yaji, ki gasa minti 6 zuwa 8. Tana fitowa da ɓawo kamar soyayya alhali man da ta sha bai kai cokali ba. Nunanniyar agada a tsaga ta a tsaye, a shafa mai sosai, minti 4 zuwa 5 a matsakaicin zafi. Dafaffiyar doya da aka daka da ƙwai da albasa da attarugu ita ma tana karɓa.

Ƙwai, burodi da nama

Wainar ƙwai ba ta wuce minti 2 zuwa 3. Ƙwai 2 sun ishi injin da'ira guda. Ki zuba a hankali har ramukan ƙasa su cika kawai, ki sauke murfin ba tare da kin kulle maƙallin ba, domin ƙwai yana kumbura ya yi ambaliya. Tumatir a cire 'ya'yansa da ruwansa tukuna.

Burodi yanka biyu da kifin gwangwani da aka tsane, ko dambun nama, ko cuku mai narkewa a tsakiya: ki shafa bota ta waje, minti 3. Cukun kada ya kai gefe.

Nama kuwa a dafa shi ko a soya kafin ya shiga. Lokacin da ƙullu yake ɗauka bai isa ya dafa ɗanyar kaza ko niƙaƙƙen nama ba, ga shi kitsen da zai tsatso ba shi da wurin zuwa sai cikin maɗaurin murfi da wajen wayoyi. Soyayyen niƙaƙƙen nama kofi ɗaya a ƙullun asali da aka cire wa sukari, da albasa da koren tattasai da aka ɗan soya ruwansu ya ƙone, ya isa abincin dare. In za ki gasa na zaƙi da na gishiri a zama ɗaya, ki fara da na zaƙi, domin warin albasa da kifi yana zama a faranti.

Bayan an cire

Wafil mai zafi yana ci gaba da fitar da tururi. In kin ɗora shi a faranti ko kin jera wani kan wani, ko kin sa a kula kin rufe, cikin minti 2 zai langaɓe. Ki shimfiɗa su ɗai-ɗai a kan ragar waya iska ta ratsa ta ƙasa. In masu ci suna da yawa, ki ajiye ragar a oben mai zafin digiri 90 zuwa 100 har ki gama. Wanda ya rage, in ya huce sarai, a sa a leda da takarda tsakaninsu a jefa firiza, yana kai wata 2 in wuta ba ta yawan yankewa. Wajen ɗumamawa a mayar da shi injin minti 2, ɓawon zai dawo.

Idan ya manne, da wankin injin

In wafil ya rabe biyu, kada ki kai masa wuƙa ko cokali mai yatsu na ƙarfe, karcewa ɗaya ta isa ta ɓata sulɓin farantin, daga nan kuma kullum a wurin zai riƙa kamu. Ki mayar da murfi ki ƙara minti 2 ragowar ta bushe, ki zare filogi, ki ɓamɓare da tsinken katako. In waje ya yi baƙi ciki ɗanye, zafi ya yi yawa ko ƙullu ya yi kauri. In ya fito fari da tauri, zafi ya yi kaɗan ya daɗe yana bushewa. In bai tashi ba, ki gwada bekin fodarki: rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba ya mutu, abin da yakan faru da gwangwanin da ya sha damina a buɗe.

Ba a tsoma injin lantarki a ruwa. Ki zare filogi, ki bari ya huce zuwa ɗumi, ki goge maiƙon da tsumma da aka naɗe a tsinke yana bin layukan. Ƙullun da ya ƙame, ki ɗiga masa man gyada ki bar shi minti 5 ya yi laushi. Sukarin Liyej tun da sauran zafi ake kama shi: ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma da aka matse a kan farantin, ki rufe minti 3 zuwa 5 tururi ya narkar da shi, ki goge, ki maimaita in da saura. Na baƙin ƙarfe a busar da shi a kan wuta bayan wanki a shafa masa mai siriri don kada ya yi tsatsa. Kowanne iri ne, a bar murfin a buɗe har ya bushe sarai kafin a naɗe waya a ajiye.